Fallen Gyara: Rasuwar Alhaji Ɗayyabu Mai Kwano

Ni ne Shugaban Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Manyan Dillalan Kayan Gini ta Arewa baki ɗaya. Ba sai na faɗi sunana ba, duk wanda ya isa ya sani ya riga ya sani. Ina zaune a ofishina da ke hawa na bakwai, sakatarorina suna ta shige da fice da takardu, sai waya ta shigo daga Dutse cewa Alhaji Ɗayyabu Mai Kwano na unguwar Limawa ya rasu. Ranar Laraba ce, bakwai ga watan Mayun 2025, jim kaɗan bayan azahar. Na ajiye biro. Na Allah muke dukanmu; shi ya riga mu komawa, mu ma muna nan tafe.

An yi masa sutura bayan la'asar. Na halarta, sai dai ban zo da jiniya ba, shi ya sa ba ku lura da ni ba. Na ga kafintoci da magina sun cika layi har bakin titi, wasu da siminti a ƙafarsu, daga kan aiki suka taho.

Zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun yanzu, kada a ce babban mutum yana kwana-kwana. Mutumin da ya rufa gidajen da ba su ƙirguwa a tsakiyar Jigawa ya bar matarsa, Hajiya Safiyatu, tana takaba a ɗakin da in ka kwanta rigingine kana hango sama. Ga shi hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma. Damina a wannan ɗakin za ta same ta, domin ta ce ba inda za ta. Wannan ita ce maganar. Amma kafin in kai gare ta, bari in gaya wa yaran yanzu ko wane ne aka binne, don da yawansu tsoho kawai suka sani a kan benci, yana jan carbi a gaban rufaffen shago.

Alhaji, ba da kwano ka fara ba. Gero da dawa kake aunawa a kasuwar Shuwarin, kuma tun a can aka san ka da abu ɗaya: ba ka taɓa ɗaure bakin buhun mutum ba sai ka damƙo wani ka ƙara masa. Kowane mai awo yana gyara, amma taka har makwabtanka na rumfa suna ƙorafi. Da aka yi jiha, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Kano da iyalansu, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ka duba ka ga gari ya koma tubali da yashi. Sai ka sayar da hatsin da ke hannunka, ka kama ɗan shago a Limawa, ka zuba ƙusa da 'yan bandir na kwano, ka yi wa ƙofar shuɗin fenti.

Wanda ya fara sayen kwano a hannunka shi ne Malam Idirisu, Bafillatani daga wajen Kafin Hausa, wanda ya sayar da ɗan maraƙi don ya rufa wa Dadarsa, wato mahaifiyarsa, ɗaki. Bandir ɗaya ya saya, falle ashirin kamar yadda kowa ya sani. Aka ɗora masa a amalanke, aka ɗaure. Kai da bakinka ka sha ba da labarin cewa da shanun suka motsa sai ka ji hannunka yana ƙaiƙayi, kamar ka cuci mutum. Ka koma ciki ka zaro falle ɗaya ka cusa a ƙarƙashin igiyar ba tare da ya gani ba. Malam Idirisu sai da ya yi nisa ya tsaya gyara ɗauri, ya ƙirga, ya ga ashirin da ɗaya. Ya juyo da shanu cikin rana ya dawo maka da shi.

Ka ce masa gyara ce. Ya tambaye ka ko ana gyara a kwano, shi dai bai taɓa ji ba.

"Ni ma ban taɓa ji ba," in ji ka. "Ban dai iya sallamar mutum haka nan ba. Kai shi bayan ɗaki ka jingine. Ranar da iska ta yi maka ɓarna, ba sai ka zo Dutse ba."

Daga wannan fallen aka gina komai. Malam Idirisu ya ba da labari a ruga, ruga ta kai kasuwa, kasuwa ta kai ƙauyuka. Kafin a jima, duk wanda ya sayar da gyaɗa ko riɗi da kaka ya ce zai sauke jinka ya sa kwano, sai a ce masa ya je wurin mai ashirin da ɗaya. Masu shagunan da ke kusa suka ce wannan mutumin hatsi ne, bai san kan sana'ar ba, ba zai kai baɗi ba. Ka kai baɗi, ka kai baɗin waccan. Ka buɗe reshe a Kafin Hausa, sannan Kiyawa da Jahun, sannan Birnin Kudu, Gwaram da Ringim. Ko'ina ƙofa shuɗiya, benci a gindin darbejiya, da allo mai rubutun "Ɗayyabu Mai Kwano da 'Ya'yansa". Kaya suka ƙaru: siminti, rodi, katako, silin, fenti, tayil, bututun famfo, makullai. Kuma kowanne ka samo masa gyararsa. Mai ƙusa a damƙa masa wasu. Mai fenti a haɗa masa da burushi. Siminti ne ya so ya gagare ka, don ba a yanka buhu, sai ka riƙa ba da cokalin gini. Akwai gidajen da har yau suna da cokalin gini uku alhali ba magini ko ɗaya a zuriyarsu.

Wanda bai ga shagon Limawa da kaka a wancan zamanin ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Amalanken shanu a jere, a-kori-kura na jiran layi, ƙarar kwano idan ana zaro shi daga tuli tana kaiwa har masallaci. Kafintoci tun da hantsi suna kan benci suna jiran wanda zai saya ya ɗauke su aiki, kuma shayinsu a kanka yake. Kai kuma kana tsakiya da tsohuwar hularka, ba ka sayar wa mutum sai ka tambaye shi ɗakin: taku nawa ne, ina ya fuskanta, na ƙasa ne ko na bulo. Sau da yawa mutum ya zo sayen bandir uku ka rage masa zuwa biyu, ka ce sauran ya saya wa yara takalmi. Wani ya zo zai shafe bangon ƙasa da siminti ka hana shi, ka ce zai ɓamɓare kafin damina biyu, ya nemi makuba ya yi shafen gargajiya. Ya tafi bai sayi komai ba, kai kuma ka bi shi da addu'a kamar ya kwashe rabin shagon.

A nan dole in ambaci wani jikanka, ɗan 'yarka Zulfa, mai suna Sadisu. Ni a matsayina ban cika kula yara ba, amma wannan an gaya mini saurayi ne kyakkyawa, mai hankali, wanda samun irinsa sai an tona. Masu hassada ne kawai suke ce masa shaƙiyyi. Tun yana ƙarami ya sa ka a gaba. Ya ce Hajiya Safiyatu matarsa ce, aro ya ba ka. In ya shigo gida ya tarar an kai maka tuwo, sai ya zauna ya ce bai yarda a ciyar da baƙo kafin maigida ba. Kai kuma ba ka taɓa barin ta kwana ba. Wata rana wani ɗan kwangila ya yi babban ciniki, an gama lodi, yaron ya haye bayan motar yana tsalle a kan kaya. Ɗan kwangilar ya ce a sauke shi. Ka ce, "A'a, gyararka ce wannan. Tafi da shi. Ba ya tsatsa, ba ya yoyo, ci ne dai da shi." Mutumin ya biye maka, ya ja mota. Sai da suka kai shataletale yaron ya ga da gaske ne ya fasa kuka, aka dawo da shi. Ka karɓe shi kana cewa kaya sun dawo, mai saye ya ce ba su da kyau. Da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo ta unguwa, ka tambaye shi boko ko guduma. Ya ce guduma. Ka haɗa shi da kafintocin benci, ka ce su koya masa hawa, in ya faɗo ka huta ka riƙe matarka. Amma ranar da ya fara hawa gini, kai ne ka rufe shago ka je ka riƙe masa tsani.

To, sai zamani ya juya. Aka fara kawo dogon kwano mai launi, wanda ake yanko wa mutum daga kamfani daidai tsawon ɗakinsa. Masu hali suka koma can, kuma wannan ba a yi masa gyara, don fallen wani ba zai hau ɗakin wani ba. Talakawa suka rage maka, su kuma kaya suka fi ƙarfinsu. Farashi ya zama abin da ka sayar da safe ba za ka iya sayo shi da yamma ba. Ana cikin haka ruwan daminar 2022 ya shiga babban sitonku na Ringim. Da ya janye, buhunan siminti sun daskare, kowanne da siffarsa ta buhu amma dutse ne. Har yanzu suna nan, mutanen unguwar suna zama a kai suna hira.

Babban ɗanka Misbahu, wanda ya yi karatun kasuwanci kuma yake riƙe da rassan, ya zo maka a zaure ya durƙusa ya ce a daina gyara. Ya ce a wannan farashin, fallen nan ɗaya shi ne ribar bandir gaba ɗaya, ana sayarwa ne kawai ana wahala. Ina so kowa ya ji wannan daga bakina: Misbahu gaskiya ya faɗa. Ba rowa ba ce, mutane yake tunani, ma'aikata da iyalansu da suke ci daga shagunan nan. Ka saurare shi har ya gama. Ka ce ka ji, kuma ka san lissafinsa daidai ne, amma kai ba za ka iya tsayawa ka ga an ɗaure kayan mutum ashirin cif ba. Ka ce in ya ga dama ya jira ka mutu.

Bai jira ba, kuma ba laifinsa ba ne. Hawan jini ya kwantar da kai wata da watanni, riƙo ya koma hannunsa, ya ba da umarni a rassa cewa bandir ashirin ne. Waɗanda suka ga abin da ya biyo baya sun ce ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya tambaya. Mutum zai biya, a ɗora masa kaya, a ɗaure. Sai ya ƙirga. Sai ya tsaya, hannunsa a kan igiya, yana kallon ƙofar shago. Sannan ya ce a gaida Alhaji, ya tafi. Ba ya dawowa. In dai ashirin ne, akwai mai ashirin a garinsu, ba sai ya biya mota ba. Da ka miƙe ka ji labari ka mayar da gyara, amma labarin dainawa ya riga ya zaga, kuma abin da ya rage a sito ba yawa. Da gyarar ana nitsewa, ba gyarar ma ana nitsewa. Har ka koma ga Allah ban ji ka ɗora wa Misbahu ba, shi ma ban ji ya ɗora maka ba.

Rassan suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Na Gwaram ya zama wurin cajin waya. Na Jahun kemis ne yanzu. Na Kiyawa gidan kallon ƙwallo, yara suna ihu a inda ake jera tayil. Abin mamaki, ba wanda ya sake fentin ƙofar a cikinsu, in ka bi hanya za ka gane su. Na Limawa shi ne na ƙarshe. Kai da kanka ka sa aka sauke allon, ka ce kada ya riƙa yi wa baƙi ƙarya. Aka sayar da gaban gida aka sallami ma'aikata, kowa da haƙƙinsa. Benci kaɗai ka ce a bar maka, wanda ya karɓi shagon kuma ya bar maka.

Daminar bara iska ta yaye gefen ɗakin Hajiya. Rufin tun na farkon aurenku ne, duk shekarun nan kana cewa naka zai jira. Aka duba bayan ɗaki ko akwai falle a jingine, babu. Wanda yake wurin ka daɗe da ba wa wata makwabciya. Ka ce a ɗauko allon shago. Jikan nan naka ya hau da shi, kai kana ƙasa da sandarka kana ba da umarni kamar da. Ka ce ya kifa rubutun ƙasa, kada masu jirgin sama su karanta su sauko sayayya ba ka da kaya. Aka yi dariya. Silin ɗin wurin ya riga ya zube, saboda haka tun daga ranar, in Hajiya ta kwanta, sunanka ne a saman kanta. Ba ta karanta boko, amma ta san shi. Allon ya tare wuri ɗaya. Sauran kwanon ya ci tsatsa, ƙusoshi sun saki, katakon gara ta gama da shi. Duk kafintan da ya duba ya ce ba zai ɗauki iskar farko ta bana ba.

An yi da ita ta koma ɗaya ɗakin, ta ƙi. Ta ce a nan aka kawo ta, a nan ka cika, a nan za ta gama takabarta. Wanda ya san Hajiya ya san an gama magana.

Ranar sadakar uku Malam Idirisu ya zo, ya tsufa, ɗansa ne ya goyo shi a babur. Da zai tafi ya tsaya a lungu ya daɗe yana kallon rufin. Ranar kasuwa sai ga ɗan ya dawo da falle ɗaya a naɗe a bayan babur. Ya ce Baffa, wato Malam Idirisu, ya ce a ajiye, ba na Alhaji ba ne, na Alhaji iska ta sa an yi amfani da shi tuntuni, wannan nasa ne. Ya juya ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Saboda haka yanzu akwai falle ɗaya, ɗakin kuma zai ci kamar bandir biyu. Kafintocin benci sun ce katako da ƙusa da aiki a kansu. Ba kuɗi nake nema ba, kada wanda ya turo. Magana nake da ku mutanen Kiyawa da Jahun da Kafin Hausa da sauran wurare, waɗanda kuka taɓa ƙirga ashirin da ɗaya. Ku leƙa bayan ɗaki. Wani ya rufe rijiya da shi, wani akurkin kaji, wani yana nan a jingine yadda aka ce ya jingine. In mai kyau ne a kawo, in ya ɗan yi tsatsa a baki ma a kawo, za a san yadda za a yi. Na tambayi malami ko wannan karɓe kyauta ne, ya ce a'a, wanda ya bayar ba shi ya nema ba, sabuwar kyauta ce daga gare ku. Kada a kai ƙofar gida, Hajiya za ta ji nauyi ta ce a mayar. A kai gindin darbejiyar tsohon shagon Limawa, wurin benci, ranar Asabar da safe.

Yanzu sai addu'a. Amma a nan zan tsaya, domin ba na son in roƙi Allah da rigar aro.

Babu wata ƙungiya. Babu hawa na bakwai. Mafi tsawon abin da na taɓa hawa shi ne rufin masallacin unguwarmu. A kan tulin katako nake zaune, a waya nake dannawa, da bokon da na koya a jikin allon shago da buhunan siminti. Ni ne Sadisu. Na ari babbar riga ne don na san halinku, kuma kun san nawa. Da kun ga sunana a sama da kun ce wasan yaron nan ne ya motsa, ku yi dariya ku wuce. Duk abin da na faɗa game da Alhaji da Hajiya da ɗakin gaskiya ne. Maganar kyawuna ma gaskiya ce, amma wannan ba sai kun yarda ba.

Kawu Misbahu, na san ban yi shawara da kai ba, kuma na san abin da za ka ce, cewa na tona mana asiri. Ka yi haƙuri. Na ga yadda kake zagaya ɗakin kana ɗaga kai, kuma na san da kana da shi da tuni an gama. In za ka neme ni da sanda, ranar Asabar ina sama, sai ka jira in sauko.

Allah Ya jiƙan Alhaji Ɗayyabu, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa Ya haskaka shi. Yadda ya rufa wa bayin Allah ɗakuna, Allah Ya rufa masa asiri ranar da ba inuwa sai taSa. Ya Allah, bawanKa bai taɓa auna wa mutum cif-cif ba. Kada Ka auna masa cif-cif, Ka ƙara masa daga falalarKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Safiyatu, da Kawu Misbahu, da mahaifiyata Zulfa da sauran 'ya'ya da jikoki, da tsofaffin ma'aikatan rassa duka, da kafintoci da maginan da suka yi rashin uba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kai kuma tsoho, shekara da shekaru ina cewa ka sakar mini matata, yau ka sakar mini ita, kuma wallahi ban ji daɗi ba. Ka bar mini ita a ɗaki mai yoyo don ka ga ko na isa maigida. To, ka kwanta ka huta. Zan hau, sai dai wannan karon ban san wanda zai riƙe mini tsani ba.

Jikanka,
Sadisu kafinta, Limawa, Dutse.